Wasiƙa a Buɗe Ga Masu Haɗa Rauta a Gidajen Kalambaina

Zuwa ga matasa masu sana'ar haɗa intanet a gidaje, na Kalambaina da kewayenta.

Wannan takarda ta fito ne daga hannun wanda ya tsufa a aikin waya da sadarwa, kuma an rubuta ta ga ƙannensa da 'ya'yansa a sana'a, waɗanda a yau su ne ke hawa rufin gidaje suna kafa eriya, suna jan waya, suna saita rauta, wato akwatin da ke karɓar intanet daga kamfanin sadarwa ya rarraba shi ga wayoyi da kwamfutoci da talabijin na cikin gida. Yabon da suka cancanta ba ɓoyayye ba ne. Tun da kamfanin siminti da aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967, kuma BUA ya ƙara sababbin layukan sarrafawa a 2018 da 2022, unguwar ta cika da injiniyoyi da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai masu buƙatar sadarwa, kuma waɗannan matasa ne suka biya buƙatar, mafi yawansu ba tare da makaranta ta koya musu ba, a cikin zafin Afrilu da ƙurar hunturu. Sun iya neman sabis inda babu, sun iya haɗa rauta da sola da inbata, kuma da Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023 ba su ɗauki lokaci ba suka ƙware a kafa farantinsa. Allah Ya yi wa sana'arsu albarka.

Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami wata ɗabi'a ce da ta zama ruwan dare, wadda ke ci wa duk wanda ya san aikin tuwo a ƙwarya. Mai haɗawa yakan kunna rauta, ya canza sunan waifai, ya buɗe manhajar gwajin gudu a wayarsa, ya nuna wa maigida wata babbar lamba, megabit hamsin ko ɗari, sannan ya karɓi kuɗinsa ya hau babur, alhali bai taɓa shafin da ke tsara fifikon zirga-zirgar bayanai ba, kuma in an roƙe shi ya soka faifan ajiya a bayan akwatin domin iyali su riƙa tara hotuna da takardu, ya soka ya bar shi a buɗe. Bayan kwana biyu sai maigida ya kira yana kukan murya na tsinkewa idan yana taro da ofishin Legas, ko uwargida ba ta jin ɗanta da ke karatu a Madina, amsar da ake ba su kuma guda ce: matsalar netwok ce, a sayi babban tsarin data. Sau da yawa wannan amsa ba gaskiya ba ce, kuma mai ba da ita ko dai bai sani ba, ko ya sani ya ɓoye.

Dalilin kuwa shi ne gudu daban, jinkiri daban. Gudu shi ne yawan bayanan da layi ke iya ɗauka a daƙiƙa guda, jinkiri kuma shi ne lokacin da ƙulli ɗaya na bayani ke ɗauka kafin ya isa inda aka aike shi, kuma da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kiran murya ba ya cin ko kilobit ɗari a daƙiƙa, abin da layin da ya fi kowane rauni zai iya ɗauka, amma ba ya jure jira, shi ya sa Hukumar Sadarwa ta Duniya, a shawararta mai lamba G.114, ta nuna cewa jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya fi dacewa kada ya wuce milisakan 150. To idan wayar yaro ta fara ɗora bidiyon biki zuwa Google Photos, ko kyamarar tsaro tana tura hotuna waje, ƙullin bayanan sukan taru a ma'ajiyar jira ta rauta ko ta modem, layin jiran ya yi tsawo, muryar maigida ta shigo ta tsaya a bayansu, har jinkirin ya kai daƙiƙa ɗaya ko fiye. Hanyar ɗorawa ce ta fi saurin cika domin a yawancin layukan gida ta fi ta saukewa ƙunci nesa ba kusa ba. Ƙarin data ba ya warkar da wannan ciwo, kuma babbar lambar da aka nuna wa maigida ba ta faɗi komai a kansa ba.

Magabata a wannan fanni sun daɗe da gano haka. A Oktoban 1986 intanet ta farko ta cushe har gudun da ke tsakanin wata cibiyar bincike da Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, wurare biyu da ke maƙwabtaka, ya faɗo daga kilobit 32 zuwa bit 40 kacal a daƙiƙa, kuma Van Jacobson ne ya zauna ya bi diddigin lamarin har ya fito da maganinsa a 1988. A 2010 Jim Gettys, injiniya a Amurka, ya lura cewa intanet ɗin gidansa na shaƙewa duk lokacin da ya ɗora babban fayil, bai ɗora wa kamfani laifi ya yi shiru ba, ya auna, ya sake aunawa, har ya tabbatar cewa kumburin ma'ajiyar jira ne sanadi. A 2012 Kathleen Nichols da Jacobson suka fito da dabarar CoDel mai hana layin jira tsawaita, daga gare ta aka gina FQ-CoDel mai ware wa kowace hulɗa layinta, sannan CAKE ta shiga cikin Linux a 2018. Waɗannan mutane sun yi shekaru suna wahala, suka bayar da sakamakon kyauta, yana nan a cikin manhajar OpenWrt ƙarƙashin sunan SQM, kuma wasu rautocin kasuwa suna da irinsa a shafin da aka rubuta wa QoS. Abin takaici ne a ce ilimin da aka sha wuya a kansa haka yana kwance a cikin akwatin da yaro ke riƙe da shi, shi kuwa bai taɓa buɗe shafin ba.

Aikin da ake nema ba mai yawa ba ne. Mai haɗawa ya auna jinkiri sau biyu, lokacin da layin ke zaune da lokacin da aka cika shi da ɗorawa, kuma manhajojin Speedtest da Fast duka suna nuna wannan adadi na biyu ga mai son dubawa. In bambancin ya yi yawa, ya ƙayyade wa rauta gudun da bai kai na layin ba, kamar kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari, domin layin jira ya dawo cikin akwatin da ke da dabarar tsara shi, maimakon ya taru a na'urar kamfani inda babu mai iko da shi. A layin wayar salula, wanda gudunsa ke hawa da sauka gwargwadon cinkoson hasumiya, awon da za a dogara da shi shi ne na bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau, ba na hantsi ba. Ya kuma bar WMM a kunne, tsarin da ke raba zirga-zirgar waifai gida huɗu, murya da bidiyo da ta yau da kullum da ta bayan fage, tare da sanin cewa ikonsa a cikin iskar gidan kawai ya tsaya. Akwai masu shiga shafin fifiko su ɗora kowace na'ura a matsayi mafi girma domin su faranta wa kowa rai, wanda daidai yake da rashin saita komai. Fifiko hukunci ne, kuma ba a yanke shi sai an zauna da masu gida an tambaye su wane ne ke aiki daga gida, wace ce ke bin lacca ta intanet a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Buɗaɗɗiyar Jami'a, wace na'ura ce za ta iya jira. In kuma akwatin da kamfani ya bayar ba shi da wannan shafi ko kaɗan, kamar yadda da yawa ba su da shi, gaskiya ita ce a faɗa wa maigida, a ba shi zaɓin ƙara rauta ta biyu a bayansa.

Laifi na biyu ya fi na farko nauyi, domin na farko ɓata rai yake jawowa, na biyu kuwa mutunci yake taɓawa. Maginan ƙasar Hausa ba su taɓa gina gidan da mai shigowa daga titi zai hango tsakar gida ba: baƙo a zaure yake tsayawa, na kusa ya wuce shigifa, ƙofofin ma a karkace ake jera su domin ido kada ya zarce. Faifan da aka soka a rauta ba tare da kalmar sirri ba gida ne da aka gina babu zaure. Duk wanda ya samu shiga waifai ya samu shiga faifan, kuma kowa ya san yadda kalmar sirrin waifai ke yawo a unguwa, daga abokin yaro zuwa maƙwabci zuwa mai shago, musamman yanzu da waya ke iya miƙa ta ga wata wayar ta hanyar hoton lamba. A cikin faifan kuwa akwai hotunan matan gida ba lulluɓi, da takardun fili, da hoton katin ɗan ƙasa, da bayanan banki. A Fabrairun 2014 masu kutse sun shiga faifan ajiya na mutane fiye da 12,900 da ke haɗe da rautocin ASUS, lamarin da ya kai hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ɗora wa kamfanin binciken tsaro na shekara 20 a 2016. Abin da ya faru da su bai fi ƙarfin faruwa a Kalambaina ba.

Mafi muni shi ne abin da wasu ke yi idan sabuwar kwamfuta ta ƙi ganin faifan da ke kan tsohuwar rauta. Raba fayil a gida yana tafiya ne a kan ƙa'idar SMB, kuma Microsoft ya fara daina sanya sigarta ta farko a sababbin Windows tun 2017, shekarar da cutar kwamfuta ta WannaCry ta bi ta wannan kafa ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Maimakon mai haɗawa ya sabunta manhajar rauta ko ya ce ta tsufa, sai ya shiga kwamfutar maigida ya kunna tsohuwar sigar da hannunsa, faifai ya bayyana, a yi masa godiya. Wannan ha'inci ne, ko da jahilci ne ya haife shi, kuma wanda ya aikata shi bai cancanci a sake buɗe masa ƙofar wani gida ba. Haka nan mai barin kalmar sirrin shugabancin rauta yadda ta fito daga masana'anta, bayan duniya ta ga yadda cutar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a 2016 da jerin irin waɗannan kalmomi kusan sittin, da mai amfani da kalma guda a duk gidajen da ya yi wa aiki domin kada ya manta.

Ma'aikatan waya na zamanin P&T, da na NITEL bayan kafa ta a 1985, ba su da ko kashi ɗaya cikin goma na kayan aikin yau, amma ba a barin yaro ya taɓa akwatin rarraba layi sai ya iya rubuta lambar kowace waya a littafi, kuma an koya masa cewa abin da kunnensa ya ji a kan layin wani ya mutu a nan. Da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya ba tare da kowa ya tambaye su yadda suka yi aikin ba, kuma zuciya takan yi nauyi idan aka ga wannan tarbiyya ta tafi tare da su. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya keɓe littafi sukutum, Tanbihus Sahib, kan hukunce-hukuncen neman halali ta hanyar sana'a, don haka ɗan Sakkwato ba ya buƙatar Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanar da shi cewa sirrin gidan mutane amana ne, ko da yake dokar ma tana nan.

A yi wa dattijo afuwa in harshensa ya yi kaifi, domin ya san mafi yawan waɗannan matasa ba mugunta ce ke sa su ba, gaggawa ce da ƙarancin ladan aiki, da kuma masu gida da ba sa son biyan abin da idonsu bai gani ba. Gyaran kuwa ba ya wuce rabin awa. A buɗe wa baƙi waifai nasu daban wanda ba ya ganin na'urorin cikin gida, a kulle na iyali da WPA2 ko WPA3, a kashe WPS wanda aka gano rauninsa tun 2011. A ba kowane babba sunansa da kalmar sirrinsa a kan faifan, a raba abin da yara za su iya gani da abin da ba nasu ba, a kashe shiga daga waje in ba a buƙace ta ba. Kuma tun da ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu na iya lalata faifai, musamman wanda aka tsara da FAT32 da ba ya riƙe tarihin abin da yake rubutawa kuma ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, a ɗora rauta da faifan a kan batir, a tsara shi da ext4 ko NTFS, a ajiye shi inda iska ke ratsawa nesa da ƙura, domin zafin da ke haura digiri 40 a bazara yana rage masa kwana. A kuma gaya wa maigida ƙarara cewa faifai ɗaya ba ajiya ba ce, sai an yi kwafi na biyu a wani wuri. Daga ƙarshe mai haɗawa ya rubuta duk abin da ya saita a takarda, da awon jinkirin kafin aiki da na bayansa, ya damƙa wa maigida, ya juya baya har maigidan ya canza kalmar sirrin shugabanci zuwa wadda shi kaɗai ya sani.

Wassalam, tare da girmamawa,
daga wani tsohon ma'aikacin sadarwa, Kalambaina, Sakkwato.