Tsohon Injin Kwalekwale: Gyara ko Sayarwa?

Duk da cewa unguwar Badawa ba a bakin ruwa take ba, mas'alar tsohon injin kwalekwale tana iya riskar mutum har cikin zaurensa, matuƙar ya zuba jarinsa a hannun masunta a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. A ra'ayina, idan illar ba ta wuce fulogi, ko kafireto da datti ya toshe, ko robar nan mai tura ruwan sanyaya injin ba, to gyara shi ne maslaha, domin tsohon Yamaha mai shan fetur gauraye da baƙin mai kusan kowane makanike ya san cikinsa. Amma idan karanshaf ya ci, ko ruwa ya shiga giya, alhali fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, kuɗin da za a kashe asara ce bayyananniya. Sai dai sayarwar ma tana da sharaɗi, kuma nan ne zuciyata ta fi damuwa: Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a Risala cewa ɓoye aibin haja bai halatta ba, balle hajar da rayukan bayin Allah ke rataye a kanta a tsakiyar ruwa. Wanda ya tuna ɗaliban Islamiyya da suka rasu a ruwan Bagwai a Nuwamban 2021 ba zai shafa wa mataccen inji fenti ya miƙa wa matuƙin fito ba. Gara ya sayar da shi ga masu warware kayan gyara, ya faɗi aibinsa gaban shaidu.