Dashen Haƙori Da Maganin Kemis

Dashen haƙori ya fara samun shiga wurin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun, musamman 'yan kasuwan da Allah ya hore wa abin hannu. Wannan daban yake da haƙorin Makka. Ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta, sa'an nan a ɗora haƙori a kai. Wani likitan ƙasar Suwidin, Branemark, shi ya fara yi wa mutum wannan aiki cikin 1965.

To, aikin duka a kan ƙashi ya rataya, ƙashi kuwa yana jin maganin da mutum ya daɗe yana haɗiya. Kowa ya san yadda ake yi a Agege da Idi-Araba da Sabo: ciki ya motsa, sai a aiki yaro kemis. Akwai waɗanda suka shekara suna shan Omeprazole saboda olsa ba da takardar likita ba, ga shi kuwa bincike ya nuna dashe ya fi yawan lalacewa ga masu shan irinsa. Dexamethasone da Prednisolone, waɗanda 'yan dako kan sha don ciwon jiki, wasu mata kuma don neman ƙiba, suna raunana ƙashi, suna hana rauni warkewa da wuri in an daɗe a kansu.

Mafi hatsari su ne magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba tsofaffi da masu ciwon daji, kamar allurar Zoledronate. Tun 2003 likitoci suka gano cewa tana iya jawo mutuwar ƙashin muƙamuƙi bayan an yi aiki a baki. Mai shan Warfarin kuwa, zubar jini ce matsalarsa.

Abin takaici, da yawa ba su ɗauki ƙwayar kemis a bakin magani ba. In likita ya tambaya da Turanci, sai su girgiza kai kawai. Ya kamata mai son dashe ya tattara duk abin da yake sha, har da jiƙo, ya kai gaban likita cikin leda, kada kuma ya daina wani magani bisa ra'ayin kansa. Su ma asibitocin haƙori na Kudu, tun da suna karɓar kuɗin mutanen nan, wajibi ne su nemi tafinta, a yi tambayar da Hausa kafin a taɓa bakin kowa.