Dare Uku Ba Su Isa Ka Ce Ba Ka Iya Ba

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani irin mafarki da mutum kan gane cewa mafarki yake yi alhali bai farka ba. Kana cikin gudu, wani abu na bin ka, sai kawai tunani ya faɗo maka: ai wannan mafarki ne. Daga nan wani kan tsaya ya juyo, wani kan tashi sama, wani kuma murna ce ke farkar da shi nan take. Mu kira shi mafarkin sane. Ana iya koyon sa, kuma da yawa daga cikin masu gwadawa kan watsar bayan dare biyu ko uku, su ce su dai ƙwaƙwalwarsu ba irin wannan ba ce. Ra'ayina shi ne wannan hukunci an yanke shi ne da lissafin da bai yi daidai ba.

Shakka ta farko ita ce ko abin ma gaskiya ne. Mai wannan shakka bai yi laifi ba, domin masana kimiyya da kansu sun daɗe suna yin ta. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya raɗa wa abin suna tun 1913, amma aka shafe shekara sittin da ɗoriya babu hujjar da za a taɓa. Ta yaya mai barci zai shaida maka cewa yana sane? Amsar ta fito ne daga ido. A matakin barcin da aka fi yin mafarki, jiki kan saki gaba ɗaya, amma idanu na ci gaba da motsi a ƙarƙashin fatarsu. A 1975, a Jami'ar Hull da ke Ingila, Keith Hearne ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley cewa idan ya gane yana mafarki, ya juya idanunsa hagu da dama sau da yawa. Na'ura ta nuna Worsley na barci, ta kuma nuna alamar da suka shirya. Stephen LaBerge ya sake tabbatar da haka a Jami'ar Stanford ta Amurka 'yan shekaru bayan nan. A 2021 ma aka wallafa wani bincike na ƙasashe huɗu, Amurka da Faransa da Jamus da Holan, inda aka yi wa masu barci tambayar lissafi irin takwas a ɗebe shida, wasunsu suka ba da amsa daidai da motsin ido. Wannan shakka dai an kashe bakinta.

Ta biyu ce ta fi cin mutane: to ni fa, zan iya? A 2016 an tattara binciken shekara hamsin a kan batun, aka ga kusan mutum 55 cikin ɗari sun taɓa yin mafarkin sane ko da sau ɗaya a rayuwarsu, kusan 23 cikin ɗari kuma kan yi shi aƙalla sau ɗaya a wata. Ke nan a ajin mutum arba'in, fiye da ashirin na iya cewa ya taɓa faruwa da su, galibi ba tare da wani ya koya musu ba. Abin da rabin aji ya taɓa yi ba baiwar 'yan tsiraru ba ce.

Sai dai ga inda lissafin ke ɓacewa. A 2017 Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostireliya ya gwada dabarun koyo a kan mutum 169. Waɗanda suka haɗa dabaru uku gaba ɗaya, suka bi umarni sau da ƙafa, sun yi nasara a kusan kashi 17 cikin ɗari na dararen da suka gwada. Wajen dare ɗaya cikin shida ke nan. Ku duba da kyau: ko wanda ke yin komai daidai, darare biyar cikin shida zai tashi hannu rabbana. Saboda haka wanda ya gwada dare uku bai ga komai ba, bai gano wata nakasa a kansa ba. Abin da ya same shi shi ne abin da ke samun yawancin masu gwadawa. Da malamin lissafi zai ga ɗalibi ya yanke hukunci daga gwaji uku kacal, da jan biro zai bi ta kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, shakka ce ma kayan aikin wannan koyo. Dabara ta farko ita ce ka riƙa tambayar kanka da rana, sau da yawa, ko mafarki kake yi, kuma ka gwada da gaske. Ka toshe hanci ka rufe baki ka yi ƙoƙarin shaƙar iska. A mafarki sau da yawa iskar kan wuce. Ka karanta rubutun allo, ka kau da kai, ka sake karantawa. A mafarki rubutu ba ya cika zama yadda yake. Idan wannan ya zama maka jiki, wata rana za ka yi shi cikin barci. Mutumin da ke yawan kokwanto yana da abin da ake nema, illa dai ya ɗora kokwanton a kan kansa maimakon ya ɗora shi a kan abin da idonsa ke gani.

Dabara ta biyu da ta uku tare suke tafiya. Ka farka bayan barcin awa biyar, ka tuna mafarkin da ka yi, sannan ka koma barci kana maimaita wa kanka niyyar cewa in ka sake shiga mafarki za ka gane. LaBerge ne ya tsara wannan, kuma ta dogara ne da irin tunin da muke amfani da shi kullum: Inna ta ce in ka zo wucewa ta wurin mai kayan miya ka sayo mata daddawa, ka manta da zancen, amma kana isa wurin sai ya faɗo maka. A binciken Aspy, waɗanda barci ya ɗauke su cikin minti biyar bayan ƙulla niyyar sun yi nasara a kusan kashi 46 cikin ɗari na gwajinsu. A nan ne shakkar kai ke yin ɓarna ta zahiri. Wanda ya kwanta yana cewa yau ma ba zai yiwu ba, ya maye gurbin niyyar da wata magana daban, ga fargaba ta hana idonsa rufuwa, minti biyar ɗin sun wuce yana juyi a kan katifa.

Wasu kuma tsoro ne ke sanye da rigar shakka, musamman tsoron dannau. Dannau yakan faru ne idan hankali ya farka amma sakin jikin nan na lokacin mafarki bai gama warwarewa ba, sai mutum ya kasa motsi na 'yan daƙiƙoƙi ko mintuna. Yana da ban tsoro, yana kuma wucewa da kansa, kuma ƙarancin barci na ƙara kawo shi. Wanda miyagun mafarkai ke damun sa kullum har suna hana shi barci, ko wanda ke fama da damuwa mai tsanani, ya fara da gaya wa iyaye da likita, kada ya ɗauki wannan a matsayin magani da kansa.

Ba zan ɓoye muku cewa rayuwar makarantar kwana ba ta taimaka wa mai koyo ba. Barci kan zagaya ne kusan kowane minti casa'in, kuma zangon mafarki mafi tsawo yana zuwa ne a ƙarshen dare. Ɗan shekarunmu na bukatar awa takwas zuwa goma. Wanda ya tashi daga karatun dare ƙarfe goma, ya yi hira har sha ɗaya, ƙararrawa ta tashe shi kafin biyar, an yanke masa daidai wurin da mafarkin ya fi yawa. In bai yi mafarkin sane ba, jadawali ne ya hana shi. Don haka ban ga hikimar sa agogo ya tashe ka tsakar dare a makon gwaji ba, balle ga 'yan ajin ƙarshe da WAEC da NECO ke jira. Mafarkin tashi sama ba zai rubuta wa kowa jarrabawa ba.

Abin da za a iya yi a zangon karatu ba tare da an taɓa barci ba shi ne ajiye ɗan littafi da biro a ƙarƙashin matashi. Kana farkawa, kafin ka yi magana da kowa, ka rubuta abin da ka tuna, ko layi ɗaya ne. Da shi za ka auna ci gabanka. Wanda a da ba ya tuna mafarki ko ɗaya a mako, yanzu yana tuna huɗu, ya yi nisa ko da bai taɓa ganewa a cikin barci ba. Bayan wata guda ka karanta littafin daga farko, za ka ga abubuwan da ke maimaituwa: tsohon gidanku na ƙauye, ɗakin jarrabawa da ba ka shirya wa ba, kakarka da ta rasu tana zaune tana magana. Su ne alamominka, kuma su za ka gaya wa kanka ka lura da su. Farkawar awa biyar kuwa a bar ta sai an yi dogon hutu, inda in ka koma barci babu ƙararrawar da ke jiran ka.