Agogon da ke kwance a akwati ba jari ba ne

Wata magana ta yaɗu tsakanin ma'aikatan banki da matasan 'yan kasuwar Kano: mutum ya tara agoguna shida ko goma a akwati, idan an tambaye shi dalili sai ya ce jari ne. Wannan amsa kare kai ce kawai, kuma unguwar Koki, wadda ta san jari tun zamanin fataucin goro, ta isa ta ƙaryata ta.

A Koki Alhassan Dantata ya zauna yana juya dukiyarsa, daga goro zuwa gyaɗa, har ya rasu a 1955. A wurin irin waɗannan attajirai jari abu ne mai tafiya: ya fita a bayan raƙumi ko a taragon jirgin ƙasa, dillali ya ci, ɗan dako ya ci, ya dawo da riba. Rolex ɗin da ke kulle a ɗaka ba ya ciyar da kowa, shi ne ma ke cin kuɗin gyara. Masu kafa hujja da agogon Paul Newman, wanda aka sayar sama da dala miliyan 17 a 2017, sun manta cewa sunan mai shi aka saya. Farashin manyan agoguna na hannu ya kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ya gangaro, waɗanda suka shiga a makare suka kwana ciki.

Ba kuma don sanin lokaci ake tara su ba. Tun da Seiko ya fitar da agogo mai batir a 1969, ƙaramin Casio ya fi agogon miliyoyi cika alkawari.

Abin da mai tarawa ke yi, iyayensa mata sun riga shi: jere. Ƙoren da aka jera a ɗakin amarya, daga baya tasoshi, sannan kwanukan sha masu fure har kusa da rufi, ba don ci da sha aka tara su ba. Kowane kwano yana da labari: wannan na gara ne, wancan tsarabar Makka. Mace ta dubi bangonta ta ga danginta da guminta a jere. Haka agogon yake. Seiko ɗin da mahaifi ya bari, Rado ɗin da aka sayo a aikin Hajji na farko, wanda aka saya ranar ƙarin girma: mutum ne ke ajiye shekarunsa inda zai iya taɓa su. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne namijin da ya kira jeren matarsa ɓarnar kuɗi, alhali ko kwanon nan ana sayar da shi ranar da gida ya shiga matsi.

Kalmar jari kuma tana da nauyin da masu furta ta ba su shirya ɗauka ba. Abin da aka saya don ado babu zakka a kansa, amma abin da aka saya da niyyar sayarwa kayan kasuwanci ne, kuma malaman fiƙihu sun ɗora masa zakka. Idan kuwa na zinare ne, ɗaura shi haramun ne ga namiji. Mai agoguna goma da ya nace cewa jari yake tarawa, sai ya kai akwatin gaban malamin unguwa a yi masa lissafi.