Ɗan siyasa ya ci mutuncin ɗan jarida, mu kuma muna tafa masa

Hutun da ya wuce ina gida Gafasa, muna zaune a teburin mai shayi bayan isha'i, sai wani ya kunna bidiyo a waya. Wani ɗan siyasa ne ke zazzaga wa ɗan jarida zagi don ya yi masa tambayar da ba ya so. Kafin bidiyon ya ƙare wuri ya kaure da shewa: "Wallahi ya yi maganinsa!" "Namiji ke nan!" Ni da nake karanta aikin jarida sai na yi tsit. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk majalisar babu wanda ya ce, "Wai me ma ya tambaye shi?"

Mu 'yan Kano ba baƙi ba ne a wannan harka. A watan Oktoban 2018 Jaafar Jaafar na jaridar Daily Nigerian ya saki bidiyon da ya ce suna nuna Gwamna Abdullahi Umar Ganduje yana karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, ya ce haɗa su aka yi, ya kuma maka shi a kotu yana neman diyyar naira biliyan 3. A Maris 2019 aka sake bayyana Ganduje a matsayin wanda ya ci zaɓe. A Maris 2021 ya faɗa wa BBC Hausa cewa ana shirin ɗaukar mataki kan waɗanda suka fitar da bidiyon. Ba a jima ba Jaafar ya bar ƙasar zuwa Ingila, yana cewa rayuwarsa na cikin haɗari. Ni ba alƙali ba ne, ba zan yanke hukunci kan bidiyon ba. Amma na tuna yadda matasa irinmu suka riƙa zagin mutumin a Facebook dare da rana, kamar kuɗin kwangilar ba namu ba ne.

Kada wani ya ce ciwon jam'iyya ɗaya ne. A 2020 Femi Fani-Kayode, lokacin yana PDP, ya ci mutuncin wakilin Daily Trust a Kalaba don ya tambaye shi wa ke ɗaukar nauyin rangadinsa. A Oktoban 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi a Zamfara saboda sun ɗauki taron PDP. A Mayun 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye a rediyo da talabijin. Bayan 'yan watanni Gwamna Umar Bago na Neja ya ce a rufe Badeggi FM a Minna. Duk lokacin da aka yi haka, ɓangare ɗaya na kuka, ɗayan na murna. Mulki na juyawa sai a yi musayar kujera: masu kukan jiya su ne masu kare gwamnati yau.

To me ya sa muke tafawa? Na farko, mun mai da siyasa kamar kallon ƙwallo. Idan gwaninka ya yi ƙeta, alƙalin wasa ne mugu. Duk tambayar da ta taɓa ubangidanmu, kafin mu ji ƙarshenta mun ce "an biya shi".

Na biyu, muna son jarumi. Talakan da ya gaji da wulaƙanci yana jin sanyi idan ya ga mutuminsa ba ya shakkar kowa. Sai dai daka wa ɗan jarida tsawa ba jarumta ba ce. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Wanda hannunsa ke da tsabta amsa yake bayarwa, ya wuce.

Na uku, kuma a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu masu shirin shiga aikin: wasu 'yan jaridar ne suka zubar da mutuncin sana'ar. Wanda ke jiran ambulan bayan taron manema labarai, da tashar da ke sayar wa sojojin baka lokaci su zagi iyayen mutane, su suka sa jama'a ba ta bambanta mai bincike da ɗan amshin shata. Amma gyaran wannan aikin kotu ne da hukumar NBC da ƙungiyar NUJ. Ba aikin 'yan daba ko kiran waya da tsakar dare ba ne.

Na huɗu, ciki. Dubu biyu ta data ta isa a ɗauki matashi haya ya kwana yana zagin wanda ke tambayar ina biliyoyi suka shiga. Ka auna wannan cinikin da kanka, ɗan'uwa.

Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai alhakin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Kowane wata kuɗi na fitowa daga asusun tarayya da sunan ƙananan hukumomin Ajingi da Gaya. Manomin Gafasa ba zai iya tsayar da gwamna ko ɗan majalisa ya tambaye shi taki, magani ko rufin aji ba. Ɗan jarida ne ke da wannan damar. Ranar da aka rufe masa baki, bakinka aka rufe, kai kuma ka tafa.

Zaɓen 2027 na tafe, irin waɗannan bidiyo za su yawaita. Kafin ka tura wa abokai da alamar dariya, tsaya ka saurari tambayar da aka yi, ka duba ko an amsa ta. Sannan ka tambayi kanka: da ɗan jam'iyyar da ba na so ne ya yi wannan, zan tafa masa? Idan amsar a'a ce, to ka riƙe hannunka.