Kibiyar da ta tsallake Snow ta sami Coin

Masu cewa littattafan matasan Turawa shirme ne, soyayya da harbe-harbe kawai, ina jin ba su zauna da The Hunger Games ba. Suzanne Collins, 'yar Amurka, ta fitar da shi a 2008, ta biyo shi da Catching Fire a 2009 da Mockingjay a 2010. Yana cikin jerin labaran nan masu hasashen gobe mai muni, inda duniya ta rushe, azzalumai suka ɗare karaga. A matsayina na malamin adabi a sakandare, ina ganin ya fi yawancin littattafan darasin gwamnati nuna wa yaro yadda mai mulki ke riƙe talaka.

Ƙasar sunanta Panem. Akwai babban birni, Capitol, inda ake ci har a yi amai don a sake ci, sai gundumomi 12 masu yi masa bauta: wannan kamun kifi, waccan noma, ta 12 haƙar kwal. Duk shekara ana jefa ƙuri'a a fitar da namiji ɗaya da mace ɗaya daga kowace gunduma, masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili su kashe juna ana haska su a talabijin. Wannan kowa ya sani, ko wanda fim ɗin 2012 kaɗai ya kalla.

Abin da fim ya bi ta kansa da sauri shi ne ya fi tsaya mini a rai. Yaron da gidansu babu abinci yana iya karɓar ɗan hatsi da mai na shekara guda daga gwamnati, da sharaɗin a ƙara sunansa sau ɗaya a cikin ƙuri'ar. In ya karɓar wa uwarsa da ƙannensa, kowane kai ƙarin suna ne, kuma na bara ba ya goguwa. Katniss Everdeen, jarumar labarin, tana da shekara 16 sunanta ya shiga sau 20. Abokinta Gale, mai 18, sau 42. 'Yar magajin gari kuwa ba ta taɓa buƙatar hatsin ba, don haka Gale yake jin haushinta, alhali ba ita ta kafa dokar ba. To ka ga dabara: babu sojan da ya tilasta wa kowa, yunwa ce ta kai yaro ya sa hannu da kansa, fushinsa kuma ya sauka a kan maƙwabciya maimakon fadar Shugaba Snow. Duk wanda ya taɓa ganin layin karɓar taliya ana gobe zaɓe ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Matasa sun gane saƙon. Bayan juyin mulkin Janar Prayuth Chan-ocha a Tailan a 2014, masu zanga-zanga suka ari gaisuwar yatsu uku ta cikin labarin, har aka kama ɗalibai biyar a Khon Kaen da suka ɗaga ta a gabansa. A 2021 aka sake ganin ta a titunan Myanmar bayan sojoji sun hamɓarar da gwamnatin farar hula.

Amma ba duk littattafan wannan sahu nake yabo ba. Da kasuwa ta buɗe, sai kowa ya shigo da hajarsa. Divergent na Veronica Roth, 2011, ya raba mutanen Chicago gida biyar bisa hali, sannan ya kawo mana Tris, wadda ta fi ƙarfin tsarin saboda daban aka halicce ta. A littafi na uku na jerin Divergent ma sai aka ce ƙwayoyin halittarta ne tsarkakakku. Wato an yaƙi masu fifita mutum ta haihuwa, an ɗauko wata mai fifikon haihuwa ta ceci jama'a. Irin wannan labari yana koya wa yaro ɗaya daga cikin biyu: ko ya ɗauka shi ne zaɓaɓɓen, ko ya naɗe hannu yana jiran zaɓaɓɓen ya bayyana. Duka biyun mai mulki na maraba da su.

Collins ba ta faɗa wannan ramin ba. Katniss ba ta tsara juyin juya hali ba, ƙanwarta Prim kawai ta fito karewa. 'Yan tawayen wata Gunduma ta 13, da ba ta cikin 12 ɗin nan masu bauta, suka ɗauke ta, suka yi mata kwalliya, suka sa mata kamara, suna rubuta mata abin da za ta faɗa, daidai yadda Capitol ta yi da ita. Shugabarsu Alma Coin tana maganar 'yanci, amma a gundumarta hatta jadawalin yininka a hannunka ake buga maka kowace safiya. Da aka ci yaƙi, shawarar da ta kawo ita ce a sake wasan kisan, wannan karon da 'ya'yan manyan Capitol. Ranar da aka ba Katniss baka ta kashe Snow a bainar jama'a, sai ta ɗaga hannu sama ta harbi Coin. Mu da muka sha jin kiɗan soja a rediyo da sassafe, a Nijeriya da Nijar, muka ga an fito titi ana murna, mun san tambayar da wannan kibiya ke yi. Ita nake so ɗalibi ya yi ta juyawa, ba rigimar wane saurayi ne ya dace da Katniss ba.

A 2020 Collins ta koma baya ta rubuta ƙuruciyar Snow a The Ballad of Songbirds and Snakes. Maraya ne ɗan shekara 18, gidansu ya karye, miyar kabeji yake sha yana ɓoye talaucinsa ga abokan karatu, yana fafutukar samun kuɗin shiga jami'a. Da yawa daga cikin masu karatu sun ji haushin an sa su tausaya masa. Ni kuwa da za a ba ni dama, shi zan fara sa wa 'yan ajin ƙarshe a manhaja.