Birtaniya: Kowa Ya Ɗebo Da Zafi, Bakinsa!

A ranar 23 ga Yunin 2016 ne mutanen Birtaniya suka jefa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai, da rinjayen kashi 52 cikin 100. 'Yan siyasarsu sun yi ta cika baki wai za su ƙwato iyakokinsu da dokokinsu. Ashe sun manta da wata iyaka da kakanninsu suka shata da hannunsu a tsibirin Ailan a 1921, lokacin da suka tsaga shi biyu, suka riƙe Arewa a ƙarƙashin sarautar Ingila.

Wannan tsagawa ita ce ta haifi rikicin da ya ci rayuka kusan 3,500 cikin shekara talatin, tsakanin masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, waɗanda galibinsu Katolika ne, da masu son zama da Ingila, galibinsu Furotesta, ga kuma sojan Birtaniya a tsakiya. Sai a 1998 aka ƙulla yarjejeniyar sulhu ta Belfast. Abin da ya taimaka wa sulhun shi ne duka ƙasashen biyu suna cikin kasuwar Turai ɗaya, babu kwastan tsakaninsu tun 1993. Da aka kwashe shingayen soja, sai iyakar mai tsawon kusan kilomita 500 ta zama ba a ma ganinta.

To ficewa ta zo, sai gaba kura baya sayaki. Mahukuntan Landan sun yi alkawari uku: za su bar kasuwar Turai da tsarin kwastanta, ba za a kafa shinge a kan tsibirin ba, ba kuma za a raba Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya ba. Alhali duk wanda ya fita daga kasuwa, dole a binciki kayansa a wani wuri, ko a tudu ko a teku. Biyu ne kawai za su yiwu cikin ukun.

Theresa May ta yi ƙoƙarin haɗa su, majalisa ta yi watsi da shirinta har sau uku a 2019, kujerarta ta tafi. Boris Johnson ya fitar da ƙasar ranar 31 ga Janairun 2020, amma ya yarda a riƙa binciken kaya a tashoshin ruwan Ailan ta Arewa. Masu goyon bayan Ingila suka ce an sayar da su. Matasa suka yi ƙone-ƙone a Belfast a 2021, jam'iyyar DUP ta janye daga gwamnatin haɗin gwiwa a 2022, ba ta dawo ba sai 2024, bayan an sassauta binciken da yarjejeniyar Windsor ta 2023. Kuma fa kashi 56 na mutanen yankin ƙuri'ar zama suka jefa!

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Iyakar Nijar da Nijeriya ma Turawa ne suka shata ta, ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Illela da Ƙonni. Da aka rufe ta bayan juyin mulkin 2023, ɗan tireda da direba da mai kai dabbobi kasuwa su suka ji a jikinsu, har zuwa buɗe ta a 2024.

Ficewa daga ƙawance haƙƙin kowace ƙasa ne. Amma wajibi ne shugabannin ɓangarorin biyu su zauna su rubuta a fili yadda mutum da kayansa za su riƙa ƙetare iyaka, su kuma bar amfani da rufe ta a matsayin bulala. Wajibi ne matasa su riƙa tambayar duk mai kiran a fita ko a zauna: ina za a kafa shingen, wa kuma zai biya? Ingila ta ƙi amsa wannan tambaya da wuri, ta yi shekaru tana biyan bashinta. Allah Ya sa masu mulki su gane.